Zuwa Indiya Ba Sai an Bi ta Delhi Ba

  Masu sauraro, a shirinmu na faɗakarwa na yau za mu leƙa ƙasar Indiya, can kudancinta, mu tsaya a filin jirgin saman wani birni da ake kira Koci, mu ga jiragen da suke sauka a cikinsa daga ƙasashen waje, da abin da baƙo zai tarar idan ya sauka, da kuma dalilin da ya sa ya kamata mutumin Kano ko na Maraɗi ko na Kumasi ya san da zamansa.

Da wuya a yau a sami unguwa a manyan garuruwanmu da ba a san wani da ya je Indiya ba. Wani ya kai mahaifinsa aikin zuciya, wata ta raka mijinta dashen ƙoda, wani yaro yana can yana karatun haɗa magunguna ko na kwamfuta, ga kuma 'yan kasuwa masu sayo magani da yadi da kayan gyaran babur, don yawancin a-daidaita-sahun da ke yawo a titunanmu ƙirar Indiya ne. To amma da zarar an ce za a tafi, sunan gari biyu ne ke fara zuwa bakin kowa: Delhi da Mumbai. Ejan ma da ke sayar da tikiti, su zai fara nuna maka. Sai an isa ne ake gane cewa faɗin Indiya ya ninka na Najeriya fiye da sau uku, kuma daga Delhi zuwa Koci tafiyar wajen awa 3 ce a jirgin sama. Mai lafiya zai jure. Amma dattijon da ake turawa a keke, wanda ya riga ya kwana a hanya, wannan ƙarin tafiyar ba ƙaramin abu ba ce a wurinsa. Saboda irinsa muka ɗauko wannan batu.

Koci yana cikin jihar Kerala, wata siririyar jiha da ta miƙe a bakin Tekun Larabawa, a kudu maso yammacin ƙasar. Jiha ce ƙarama a taswira, amma tana da filayen jirgin sama na ƙasa da ƙasa har huɗu: Tiruvanantapuram, da Koci, da Kozikod wanda aka fi sani da Kalikut, da Kannur. Mai sauraro zai ce me ya kawo haka? Ci-rani ne ya kawo shi. Tun daga shekarun 1970, lokacin da arzikin man fetur ya buɗe a ƙasashen Larabawa, mutanen Kerala suka riƙa tsallaka teku suna neman aiki: magina, direbobi, ma'aikatan jinya, masu shaguna, injiniyoyi. Binciken da ake yi a jihar lokaci-lokaci ya nuna cewa 'ya'yanta fiye da miliyan 2 suna zaune a ƙasashen waje, mafi yawansu a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Saudiyya da Katar da Oman da Kuwait da Bahrain. Duk waɗannan mutane suna dawowa gida hutu, suna dawowa biki, suna dawowa jana'iza. Inda fasinja yake kuwa, nan jirgi yake zuwa.

Shi kansa filin jirgin na Koci, waɗannan 'yan ci-ranin suna da hannu a gina shi, kuma labarin ya cancanci a ji shi. A da, jiragen fasinja suna sauka ne a wani ƙaramin fili na sojan ruwa da ke kan tsibiri a cikin birnin, wanda manyan jirage ba sa iya sauka a kai. Gwamnatin tarayya ba ta da kuɗin gina sabo. Sai wani jami'in gwamnati mai suna V. J. Kurian, da goyon bayan babban ministan jihar na lokacin, K. Karunakaran, ya kawo shawarar a kafa kamfani, gwamnatin jiha ta sa nata, bankuna su sa nasu, jama'a su sayi hannun jari. Dubban mutane suka saya, da yawansu ma'aikata ne da ke ƙasashen Larabawa. Aka gina filin a wani ƙauye mai suna Nedumbaseri, kimanin kilomita 30 daga tsakiyar birni, aka buɗe shi a watan Mayun 1999. Shi ne filin jirgin sama na farko a Indiya da aka gina ta hanyar haɗin gwiwar gwamnati da masu zaman kansu.

A watan Agustan 2015 kuma ya sake kafa wani tarihin, ya zama filin jirgin sama na farko a duniya da ke samun dukkan wutar da yake buƙata daga hasken rana. An shimfiɗa farantan sola fiye da 46,000 a wani fili kusa da sashen kaya, masu ba da megawat 12, daga baya aka yi ta ƙarawa. Da rana suna tura rarar wuta cikin layin jiha, da dare su karɓo abin da suka ajiye. A tsakanin layukan farantan har kayan lambu ake nomawa, ruwan da aka wanke farantan da shi yana shayar da su. A 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba filin babbar lambar yabonta ta kare muhalli. Ni dai duk lokacin da na tuna wannan, sai in tuna irin ranar da Allah ya hore mana a Kano da Sakkwato da Agadas, wadda ta fi ta Kerala ƙarfi da daɗewa a shekara. Abu ne da masu riƙe da filayen jiragenmu ya kamata su je su gani da idonsu.

To yanzu mu zo kan jiragen. Daga Koci ana tashi kai tsaye zuwa Dubai da Abu Dabi da Sharja, da Doha, da Maskat, da Kuwait, da Bahrain, da Jidda da Riyad da Dammam. Ta gabas kuma akwai Singafo da Kuala Lumpur da Bankok, ga Kolombo da Male nan kusa. Kamfanonin da muka sani irin su Emirates da Qatar Airways da Etihad da Saudia da Air Arabia duk suna sauka a nan, ga na Indiya irin su Air India Express da IndiGo. Fasinjojin da ke bi ta filin sun haura miliyan 10 a shekara, kusan rabinsu na ƙasashen waje ne. Daga Dubai zuwa Koci tafiyar wajen awa 4 ce, daga Doha ta ɗan ɗara haka kaɗan.

Babu jirgin da ke tashi daga Afirka ta Yamma kai tsaye zuwa Koci. Amma ku lura da wannan lissafin. Qatar Airways yana zuwa Legas da Abuja, ya kuma fara zuwa Kano a 2022. Emirates, bayan ya dakatar da zuwa Najeriya a 2022, ya dawo Legas a watan Oktoban 2024. Ke nan mutum zai iya hawa jirgi a gida, ya yada zango sau ɗaya a Doha ko Dubai, ya sauka a Koci. Zango ɗaya tak, daidai da wanda zai yi idan Delhi zai je. Ita kuma ɗaya hanyar da mutanenmu suka saba, ta Addis Ababa a jirgin Ethiopian Airlines, wanda ke zuwa Kano da Abuja da Yamai da Njamena, tana kai mutum Mumbai ko Delhi ko Bengaluru ko Cennai. Hanya ce mai kyau ga wanda asibitinsa ko makarantarsa ke ɗaya daga cikin waɗannan birane. Amma wanda zai wuce Kerala, sai ya sake neman jirgin cikin gida, kuma a nan ne wahalar take ɓuya.

Bari in bayyana ta dalla-dalla, don ita ce zuciyar shirin namu na yau. Dokar Indiya ita ce, a filin da ka fara sauka a nan za ka bi layin jami'an shige da fice, a nan za ka ɗauki jakunkunanka, a nan za ka wuce kwastan. Ka ga wanda ya sauka Mumbai da niyyar wucewa Koci, sai ya tsaya layi a buga masa hatimi, ya jira kaya, ya loda su a kura, ya fita ta kwastan, ya sake miƙa su a teburin jirgin cikin gida, ya sake bin layin bincike. Wani lokaci ma jirgin cikin gidan ba a ginin da ya sauka yake tashi ba, sai ya hau mota zuwa wani ginin mai nisa. Duk wannan da mara lafiya a hannu, da harshen da ba ka ji, bayan kwana guda babu barci.

Sannan ga maganar nauyin kaya. Tikitin da aka saya daga Najeriya sau da yawa yana ba mutum jaka biyu masu kilo 23 kowace. Jiragen cikin gida masu araha na Indiya kuwa, kilo 15 suke bayarwa, da kilo 7 na jakar hannu. Idan ejan ya yanka maka tikiti biyu daban-daban don ya nuna maka farashi mai sauƙi, to ragowar kilo 31 ɗin nan kai za ka biya kuɗinsu a teburi, kuma kuɗin kan iya cinye duk rangwamen da ka samu har ya nemi ƙari. Mafi muni, idan jirgin farko ya makara har na biyu ya tashi ya bar ka, kamfani na biyu ba ruwansa, don bai san da tafiyarka ta farko ba. Sabon tikiti za ka saya. Amma idan tikiti ɗaya ne tun daga gida har Koci ta Doha ko Dubai, da lambar rajista ɗaya, kayanka za su bi ka har ƙarshe ba tare da ka taɓa su a hanya ba, idan kuma aka makara, nauyin kamfani ne ya sa ka a jirgi na gaba. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A harkar tikitin jirgi, wannan magana gaskiya ce tsantsa.

Wani abin da ke ƙara wa hanyar Delhi nauyi shi ne hazo. A watannin Disamba da Janairu hazo mai kauri yakan rufe arewacin Indiya da asuba, jirage su yi ta makara, wasu a soke su. Kudu ba ta da wannan matsalar.

Masu sauraro, kada a ɗauka ina cewa ƙananan filayen nan ba su da nasu cikas. Suna da shi, kuma wajibi ne in faɗa.

Na farko, ba kowane filin da aka rubuta wa "na ƙasa da ƙasa" ne kamfanonin waje suke da izinin sauka a cikinsa ba. Gwamnatin Indiya ce take yarjejeniya da kowace ƙasa a kan garuruwan da jiragenta za su sauka da yawan kujerun da za su ɗauka a mako. Filin Kannur misali ne. An buɗe shi a watan Disamban 2018, sabo fil, da dogon titin sauka, amma shekaru suka yi ta wucewa ba a ba kamfanonin waje izinin zuwa ba, sai na Indiya kaɗai ke tashi daga nan zuwa ƙasashen Larabawa. Wanda zai je can daga Afirka, da wuya ya sami tikiti ɗaya da zai kai shi. Haka kuma kujerun da aka yarda wa jiragen Dubai su kawo Indiya a mako, tun 2014 ba a ƙara su ba, alhali matafiya kullum ƙaruwa suke. Wannan yana cikin abin da ke sa farashi ya yi tashin gwauron zabi a wasu lokuta: lokacin hutun makarantu na ƙasashen Larabawa daga Yuni zuwa Agusta, da lokacin bikin Onam na mutanen Kerala wajen Agusta ko Satumba, da Sallah ƙarama da babba, da Kirsimeti. Wanda aikinsa ba na gaggawa ba ne, idan likita ya yarda, ya kauce wa waɗannan lokuta zai ga bambanci a aljihunsa.

Na biyu shi ne damina. Ruwan Kerala yakan sauka wajen farkon watan Yuni, ya yi ta zuba har Satumba, kuma ruwa ne mai yawan gaske. A watan Agustan 2018 aka yi ambaliyar da jihar ta daɗe ba ta ga irinta ba. Kogin Periyar, wanda ke kusa da filin jirgin Koci, ya cika ya batse, ruwa ya shanye titin sauka da farantan sola, aka rufe filin har mako biyu. A Agustan 2019 ma an sake rufe shi na 'yan kwanaki. Tun daga nan an yi aikin faɗaɗa magudanan ruwa a kewayensa. Duk da haka, mai tafiya a wannan lokaci ya bar wa kansa sarari, kada ya sa ranar komawarsa ta zama ita ce ranar ƙarshe ta bizarsa.

Filin Kalikut kuma yana da tasa siffar. An gina titin saukarsa a kan tudu da aka baje, ƙarshensa gangare ne mai zurfi. A ranar 7 ga Agustan 2020, wani jirgi da ya taso daga Dubai ya sauka cikin ruwan sama, ya zarce ƙarshen titin ya faɗa gangaren, mutum 21 suka rasu har da matuƙan biyu. Bayan haka aka hana manyan jirage sauka a wurin, sai matsakaita, abin da ya shafi har jigilar alhazan yankin. Ban kawo wannan don in tsorata kowa ba. Jirage suna sauka a Kalikut kullum lafiya lau. Na kawo shi ne don a fahimci abin da ya sa manyan jirage suka fi yawa a Koci, mai shimfiɗaɗɗen titi na mita 3,400. A nan kuma a kula da tikiti sosai. Koci ana rubuta shi Kochi ko Cochin, alamarsa COK. Kalikut alamarsa CCJ, kuma daban yake da Kalkata, wadda take can gabashin ƙasar, tafiyar fiye da kilomita 2,000. Ka karanta da idonka kafin ka bar ofishin ejan, ko ka sa ɗanka ya karanta maka.

Mu koma kan takardu, don jirgi ba ya ɗaukar wanda takardunsa ba su cika ba. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6 kafin ya ƙare. Biza ta dace da abin da ya kai ka: ta jinya daban, ta ɗan rakiyar majinyaci daban, ta karatu daban, ta kasuwanci daban. Ana ba majinyaci damar 'yan rakiya har biyu. Indiya tana da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Legas, tana da shi a Yamai da Akara. Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: bizar da aka manna a fasfo tana fara ƙirga kwanakinta ne daga ranar da aka bayar da ita. Idan ka karɓa ka zauna wata guda kana haɗa kuɗi, wannan watan ya fita daga cikin lissafinka.

Sai katin rigakafin cutar shawara, mai ruwan ɗorawar nan. Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Cadi da Sudan duk suna cikin ƙasashen da Indiya take neman wannan kati daga matafiyansu, kuma ba ta wasa da shi. Allurar ba ta fara aiki a idon hukuma sai bayan kwana 10 da yin ta. Wanda ya sauka babu kati, ko da katin da bai cika kwana goman ba, ana iya killace shi har kwana 6. Ku dubi halin wanda aka sa wa ranar tiyata, ga shi a ɗakin killacewa. Don Allah a je a yi allurar ta gaskiya a cibiyar da hukuma ta amince da ita, a bar sayen kati a bayan fage. Haka kuma tun 2014 Indiya ta sa Najeriya cikin ƙasashen da take neman shaidar ɗigon rigakafin shan inna, ga babba da yaro, a sha shi aƙalla mako 4 kafin tafiya. A tambayi ofishin jakadanci a kan wannan tun ranar da aka je neman biza.

Idan majinyaci ba ya iya doguwar tafiya da ƙafa, a nemi keken turawa tun wajen sayen tikiti, aƙalla kwana biyu kafin tashi. Kyauta ne, kuma ma'aikaci zai tura shi a filin yada zango da kuma Koci, ya bi da shi ta layi na musamman. Wanda jikinsa ya yi tsanani ko yake buƙatar iskar numfashi, akwai takardar da likitansa zai cike wa kamfanin jirgi tun da wuri. Magunguna da takardun asibiti da hotunan gwaji a jakar hannu suke zama, kada a jefa su cikin babbar jaka.

To, an sauka. Jiragen ƙasashen Larabawa da yawa suna isowa Koci ne tsakanin tsakar dare da asuba, kuma agogon Indiya yana gaban na Najeriya da Nijar da awa 4 da rabi, don haka ka gyara agogonka tun cikin jirgi. Ginin da ake saukar fasinjojin waje shi ne na uku, wanda aka buɗe a 2017, mai rufi irin na gidajen gargajiyar Kerala, a sashen masu tashi kuma an jera mutum-mutumin giwaye sanye da ado irin na bukukuwansu. Za ka ga yawancin waɗanda kuka sauko tare 'yan ƙasa ne, sun nufi layinsu da kwalaye ɗaure da igiya, an rubuta suna da gari da babban baƙi. Layin baƙi yakan zama gajere, wannan ma wani sauƙi ne da babban birni ba ya bayarwa. Jami'in lafiya zai duba katin shawara. Jami'in shige da fice zai tambaye ka abin da ya kawo ka da inda za ka sauka. Ka riƙe wasiƙar asibiti ko ta makaranta a hannu, bugaggiya a takarda, da adireshin masauki da lambar wayar wanda zai tarbe ka. Kada ka dogara da abin da ke cikin waya, don intanet ɗin filin jirgi yakan nemi a turo maka lamba ta saƙon waya, layinka na gida kuwa mai yiwuwa ba ya aiki.

A kwastan akwai ƙofa biyu, kore ta wanda ba shi da abin bayyanawa, ja ta wanda yake da shi. Mai ɗauke da kuɗin jinya ya saurara da kyau: idan tsabar kuɗin waje da ke hannunka ta wuce dala 5,000, doka ta ce ka bi ta ja ka cike takardar bayyanawa. Ba za a karɓe maka ko sisi ba, kuma takardar za ta amfane ka ranar komawa idan kuɗi ya ragu. Ɓoyewa ce ke jawo a ƙwace. Kilishi da ɗanyen goro da iri na shuka suna cikin abubuwan da ake tambaya a kansu, gara a bayyana su ko a bar su a gida.

Akwai abu biyu da nake roƙon kowa ya riƙe. Ɗaya, wayar tauraron ɗan'adam, irin Thuraya da 'yan uwanmu na Agadas da arewacin Cadi suka saba riƙewa saboda tafiyar sahara, haramun ce a Indiya ba tare da izini na musamman ba. An sha kama baƙi a filayen jirgi saboda ita, har a kai su kotu. A cire ta daga jaka tun a gida. Biyu, filayen jirgin Kerala sun yi suna wajen kama masu fasa-ƙwaurin zinariya daga ƙasashen Larabawa, don haka idon kwastan a buɗe yake a kan duk wanda ya fito daga can. Idan wani ya tare ka a Dubai ko Doha, ko da ya yi maka sallama da harshenka, ya ce ka taimaka ka riƙe masa ɗan ƙunshi zuwa Koci, ka ba shi haƙuri. Abin da aka samu a jakarka naka ne a gaban shari'a.

Da ka fito, akwai teburin tasi da ake biyan kuɗi tun a ciki a ba ka rasit, ka miƙa wa direba. Shi ya fi kwanciyar hankali ga baƙo da tsakar dare. Manyan asibitoci kuma sukan aiko da mota idan an sanar da su lambar jirgi. Mai ƙaramin kaya yana iya hawa bas zuwa Aluva, inda jirgin ƙasa na cikin birni yake farawa. Ka canza kuɗi kaɗan a filin jirgi, na tasi da abinci, sauran ka bari sai cikin gari inda canji ya fi kyau. Layin waya kuma sai da fasfo da biza da hoto ake sayar wa baƙo.

Wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya yana ganin ya tsinci 'yan kalmomin Hindi, to ya sani a Kerala harshen Malayalam ake yi, kuma bai yi kama da Hindi ba ko kaɗan. Turanci yana aiki sosai, don jihar tana cikin na kan gaba a Indiya wajen yawan masu karatu. Abin da zai ba ka mamaki shi ne Larabci. Direban tasi ko mai shagon da ya yi shekara goma a Sharja ko Jidda zai amsa maka da Larabcin kasuwa, wanda alhazanmu da 'yan Sudan da Cadi za su gane. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen jihar Musulmi ne, akwai Kiristoci masu yawa da daɗaɗɗen tarihi, ga mabiya addinin Hindu da suka fi rinjaye. Akwai wurin sallah a cikin filin jirgi, masallatai da coci-coci ba sa wuyar samu, abincin halal ma haka: shinkafa, kifi, kaza, har naman shanu, wanda a wasu jihohin arewa ba a sayar da shi. A garin Kodungallur, tafiyar ƙasa da awa guda daga filin jirgin, akwai masallacin Ceraman, wanda mutanen wurin suke riƙe da cewa shi ne masallaci na farko a ƙasar Indiya.

Bayan an huta, akwai rajista da ofishin kula da baƙi, wanda yake da reshe a Koci, kuma yanzu ta intanet ake yin ta. Wanda bizarsa ta ce ya yi rajista, kwana 14 yake da su daga ranar sauka. Asibiti ko makaranta sukan taimaka, amma kai za ka tuna musu. Idan jinya ta ja, a nemi ƙarin wa'adi da wasiƙar likita tun biza ba ta mutu ba. Wanda ya bari ta mutu, ba zai fita ƙasar ba sai ya biya tara ya karɓi izinin fita, kuma yana iya rasa damar dawowa ganin likitansa.

Ranar komawa, a duba lokacin tashi da kyau. Jirgin da aka rubuta zai tashi ƙarfe 3:30 na asubahin Talata, daren Litinin ake tafiya filin jirgi, a isa awa 3 kafin lokaci. A bakin ƙofa jami'an tsaro masu kaki za su nemi tikiti da fasfo kafin su bar ka ka shiga ginin, mai rakiya a waje yake tsayawa, don haka a yi sallama tun a nan. Mata suna da layin bincikensu daban, a bayan labule, mace ce ke duba su. Batirin cajin waya a jakar hannu ake sa shi. Magungunan da likita ya rubuta na watanni, a riƙe takardarsa da rasit ɗin kantin magani tare da su, musamman masu kashe zafin ciwo irin tramadol, waɗanda Indiya da ƙasashen Larabawa da Najeriya duk suke sa wa ido. Wanda aka yi wa aiki kuma ya karɓi takardar likita da ke cewa ya isa hawa jirgi.

Abin da muka faɗa a kan Koci ya shafi wasu garuruwan. Haidarabad da Ahmadabad da Tiruvanantapuram duk suna da jiragen da ke zuwa musu kai tsaye daga Doha ko Dubai. Wanda zai je sanannen asibitin mishan na Vellore, Cennai ce tasharsa, daga nan ya yi tafiyar wajen awa 3 a mota. Jadawalin jirage yana canzawa daga kaka zuwa kaka, shi ya sa tambaya a lokacin tafiya ta zama dole.

Saboda haka, ɗan uwa ko 'yar uwa da ke shirin wannan tafiya, kafin ka biya kuɗin tikiti, ka tambayi asibitin ko makarantar wane filin jirgi ne ya fi kusa da su. Ka je wa ejan da sunan wannan filin, ka ce ya nemo maka tikiti ɗaya da zai kai ka can da zango ɗaya, ya kuma nuna maka a rubuce kilo nawa aka ba ka har ƙarshen tafiya. Wanda ya ji wannan shiri, ya isar wa maƙwabcinsa da ke da majinyaci. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kai matafiya lafiya ya dawo da su lafiya.